Lamba Goma Sha Huɗu

Shafi na 19

Masu turo min saƙo cewa na zafafa a kan malamai, na gani. Ni ma malami ne ya koya min riƙe alƙalami. Ku karanta wannan shafin har ƙarshe tukuna.

*

Ranar Litinin da safe Malam Hafizu ya nufi Sakandaren Gadar Ɗinya ko karyawa bai yi ba. Tun daga Kiru ɗan achaɓan da ya goyo shi yake ba shi labarin bidiyon wata ɗaliba da ke yawo a wayoyi, yana dariya har babur na karkacewa, bai san malamin yarinyar ya ɗauko ba.

Hafizu da kansa yana cikin zauren ranar Asabar, a Tudun Wada, inda makarantun Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suka haɗu don Gasar Sani ta bana. Tsarin gasar kowa ya san shi: ɗalibi ya zaɓi lamba, alƙali ya karanto tambayar da ke kan lambar, ɗalibi ya amsa.

Lubna Mu'azu, ƴar aji shida, ita ce jagorar makarantarsu, mai wakiltar Kiru. Ta zaɓi lamba ashirin da uku. Alƙali ya tambaya da Turanci, lasifika na ta ƙara, wane launi ne akwatin da ke naɗar bayanan jirgin sama. Bai gama rufe baki ba ta ce kaguwa.

Aka yi dariya, aka ɗauka ruɗewa ce.

Ta zaɓi arba'in da ɗaya. A wace shekara Najeriya ta samu ƴancin kai? Ta ce goma sha ɗaya.

Ta ukun ce ta hana Hafizu sukuni. Da Hausa aka karanto ta: waƙa mai ɗango biyar-biyar, me ake kiranta? Shi da kansa ya koya mata wannan a gindin darbejiya, wata biyu da suka wuce, lokacin da yake nuna musu hoton jatan lande da cikin jirgin sama a wayarsa. Ya ga leɓenta ya motsa da amsar gaskiya. Sai ta waiga ta kalli mataimakin shugaban makaranta, Malam Shitu, wanda ya karɓe horon yaran daga hannun Hafizu ana saura mako biyu. Malam Shitu ya zare mata ido. Ta sunkuyar da kai ta ce Tekun Atlantika.

Babbar baƙuwar taron, Hajiya Yalwa, jami'ar ilimi da aka gayyato daga Kano, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta sa wata malama ta duba yarinyar, aka zaro takarda daga hannun hijabinta. Lambobi ne ɗaya zuwa ɗari, kowace da amsarta, babu tambaya ko ɗaya. Hajiya ta ce za ta zo makarantar da kanta ranar Litinin, kuma a rubuce take son bayani.

Yau ke nan.

Yana sauka daga babur Malam Shitu ya tare shi a baranda, ya ce shugaba na jiransa.

Malam Ladan, shugaban makarantar, aminin marigayi mahaifin Hafizu ne. Shi ya koyar da shi a wannan makarantar, shi ya yi ta zirga-zirga har aka ɗauke shi aiki wata bakwai da suka wuce. Hafizu ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum. Tsohon ya amsa a sanyaye, ya tambayi jikin mahaifiyarsa, sannan ya turo masa takarda ɗaya a kan tebur.

An buga ta tsaf. Ta ce shi, Hafizu, wanda kwamiti ya ba aikin sake buga tambayoyin gasa, ya bar amsoshi a kan teburinsa a ɗakin malamai, ya kuma ga ɗaliba Lubna Mu'azu ta shiga ɗakin ita kaɗai. A ƙasa an bar gurbin sa hannu. Ƙasan wannan kuma hukuncin makaranta ne: kora. Saura mako uku ta fara jarrabawar kammala sakandare.

Ya karanta sau biyu.

"Baba, ban gan ta ba."

"Na sani."

"To me zan sa wa hannu?"

Malam Shitu ya karɓe zancen daga bakin ƙofa. Ya ce ai duk wannan ɓarnar Hafizu ne ya jawo ta. An ba shi tsohuwar takarda da ta yage, an ce ya buga sabuwa, ba a ce ya yi gyara ba. Wa ya aike shi taɓa lamba goma sha huɗu?

Hafizu ya juya ya dube shi. Ya ce tambaya ta sha huɗu cewa take wace ƙasa ce ta ci kofin duniya na ƙarshe, amsar da ke rubuce kuma Sifen. Tun daga lokacin Jamus ta ci, Faransa ta ci, Ajantina ta ci, takardar kwamiti tana nan a kan Sifen. Shekara da shekaru duk yaron da ya faɗi gaskiya a kan wannan lambar sai a ce ya faɗi. Shi ya sa ya cire ta. Ya kuma faɗa wa Malam Shitu a ranar, Malam Shitu yana cin gyaɗa ya ce masa to, madalla.

"Ka ce ka cire tambaya," in ji Malam Shitu. "Ba ka ce lambobi za su motsa ba."

Sai a lokacin abin ya gama haɗuwa a kan Hafizu. Kwamfuta da ka cire layi ɗaya sai ta jawo na ƙasa, sha biyar ta koma sha huɗu, sha shida ta koma sha biyar, har ƙarshe. Duk wanda ya haddace amsa da lamba, daga sha huɗu zuwa ƙasa amsar tambayar da ta gabata zai riƙa bayarwa. Kaguwa amsar wata tambaya ce a kan abincin teku. Goma sha ɗaya adadin ƴan ƙwallo ne a fili.

"Kai ka ba ta," ya ce.

Malam Shitu bai musa ba. Ya ce yaran yanzu Turanci ya yi musu nauyi, ga lasifikar zauren ba ta da kirki, shi ya sa yake ce musu kada su wahalar da kansu da sauraron tambaya, su riƙe lamba kawai. Takardar ma ai babu tambaya a cikinta, don ko an gani ba za a ce satar amsa ba ce. Haka na Doguwa suka yi bara, babu wanda ya ji.

Malam Ladan ya ɗaga hannu ya dakatar da shi.

Tsohon ya yi magana a hankali, kamar yana karatu a aji. Ya ce kafin Hafizu ya yi wayo, gasar nan fitina take jawowa. Akwai shekarar da aka yi wa motar ɗalibai ruwan duwatsu a wajen Burumburum, yaro ɗaya ya rasa ido. Sai shugabannin makarantu suka zauna suka ce a yi karɓa-karɓa. Bana Kiru, baɗi wani. Duk shekara yara uku suna samun gurbin karatu a kwaleji saboda kofin, kowace ƙaramar hukuma tana samun rabonta, babu jifa, babu gaba. Shekara goma sha shida ana haka lafiya.

Hafizu ya manta a gaban wa yake. Ya ce wane irin lafiya? Yara suna kwana da littafi a Doguwa da Bebeji, iyayensu suna sayar da kaza don kuɗin mota, alhali an riga an rubuta wanda zai ci. An mayar da ilimi kamar rabon taki, kowa ya jira layinsa. Yarinyar da ta san amsa an koya mata ta ji tsoron abin da ta sani. Yanzu kuma da asiri ya tonu, manya masu furfura sun rasa wanda za su miƙa sai ƴar manomi mai shekara goma sha bakwai, don sun san ubanta ba zai iya ɗaga ido ya kalli malami ba.

Malam Shitu ya ce a hankali dai. Idan Hafizu bai sa hannu ba, tambaya ɗaya Hajiya za ta yi: wa ke da amsoshin a kwamfutarsa? Kuma mutanen gari za su yi tasu tambayar, me ya haɗa saurayin malami da budurwar ɗaliba a gindin bishiya kullum bayan an tashi, har ya ba ta takarda. Ya ce shi bai faɗa ba, amma baki ba ya rasa abin faɗa.

Hafizu ya miƙe tsaye.

"Zauna," in ji Malam Ladan. "Shitu, ba mu wuri."

Da ƙofar ta rufu, tsohon ya daɗe yana kallon bango. Akwai hotuna uku a jere, duk na kofin gasa. Na tsakiya ya fara dusashewa. Wani siririn yaro ne cikin farar riga da ta yi masa yawa, ya rungume kofi yana dariya har dasashi.

"Wace shekara ce wannan?"

"Shekara goma sha biyu ke nan, Baba."

"Raba ta da huɗu."

Ƙananan hukumomi huɗu ke karɓa-karɓar, duk bayan shekara huɗu sai ta dawo kan Kiru.

Malam Ladan ya tambaye shi ko ya tuna watan da yake kiransa zaurensa bayan la'asar, yana masa tambayoyi daga wani babban littafi mai koren bango. Hafizu ya ce ya tuna. Har yau yana faɗa wa ɗalibansa cewa wannan watan ne ya buɗe masa kai.

"Takardar tambayoyin gasar ce a tsakiyar littafin."

Hafizu ya ɗago ya dube shi.

"Da kake bugawa ba ka gane tambayoyin ba?"

Ya gane su. Tun daga layin farko ya gane su. Ya yi ta tsaki a ranar yana cewa kwamiti malalata ne, ba sa sauya tambaya. Bai taɓa barin zuciyarsa ta ƙarasa lissafin ba.

Tsohon ya ci gaba, muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce shi Hafizu yana da kai, shi ya sa aka koya masa har da tambayoyin, ba a ba shi lamba ba. Amma shekarar ta Kiru ce, ko bai buɗe baki ba kofin nasu ne. Ya tambaye shi ko ya tuna yaron Doguwa da suka kai ƙarshe tare, wanda alƙali ya ce lokacinsa ya ƙare yana tsakiyar amsa.

"Surajo."

"Surajo ya fi ka. Kowa a zauren ya sani, ban da kai. Ubanka ya rasu a watan, uwarka ba ta da ko akuya. Na duba na ga in ba ta wannan hanyar ba, gona za ka koma. Ban yi nadama ba."

Ya ce Surajo yana nan, yana sayar da rake a bakin titi a Doguwa, duk wanda ya bi hanyar Jos zai gan shi. Idan Hafizu ya buɗe maganar nan a gaban Hajiya, to ya sani da kansa zai fara. Gurbin da ya kai shi kwaleji, takardar yabon da ke cikin fayil ɗinsa, aikin nan, duk daga hoton can suka fito. Yarinya kuwa, idan ƙura ta lafa, baɗi sai a nema mata wata makaranta a ɓoye ta rubuta jarrabawa.

"Da sunan ɓarauniya."

"Mutane suna mantawa, Hafizu."

Sannan ya miƙo hannu ya ce a dawo masa da tsohuwar takardar da aka ba shi ya buga. Ta kwamiti ce.

Tana cikin jakar Hafizu, a ninke cikin littafin tsara darasi. Ya kai hannu zai zuge jakar ke nan aka yi sallama a bakin ƙofa.

Malam Shitu ne ya shigo da su. Wani dattijo ne a gaba, ƙafafunsa fari fat da ƙasar gona, ya tuɓe takalman robarsa tun daga baranda. Lubna na bayansa, hijabinta ya rufe har goshi, idanunta sun kumbura. Malam Mu'azu ke nan, mahaifinta. Daga wajen Ɗansoshiya ya taho a keke, ya goyo ta, ya bar sharar gona.

Bai yarda ya hau kujera ba. Ya zube a ƙasa ya gaishe da Malam Ladan, ya gaishe da Malam Shitu, sannan ya juyo ga Hafizu, wanda a haife ya haife shi, ya ce Allah gafarta Malam, kai ne aka yi wa satar?



Dattijon ya ce shi bai yi boko ba, amma ya san haƙƙin malami. Jiya Malam Shitu ya je har gida ya yi masa bayani. Yarinya ta yi ta rantsuwa wai ba ta aka yi, shi kuwa ya ce mata ta rufe masa baki, malami ba ya ƙarya. Uwarta tun Asabar ba ta sa komai a cikinta ba. A masallaci ma ya ga yadda ake kallonsa. Bai zo neman a bar ta ba, wanda ya yi laifi a hukunta shi. Alfarma ɗaya yake roƙo, kada a kira sunanta a gaban asambile, saboda ƙannenta biyu suna aji ɗaya da aji uku a nan.

Malam Ladan ya ce an yi masa wannan. Ya ɗauki biro ya ajiye a kan takardar, daidai gurbin sa hannu, ya tura gaban Hafizu.

Hafizu ya kalli biron. Ya kalli yarinyar.

"Lubna."

Ba ta ɗago ba.

"Waƙa mai ɗango biyar-biyar, me ake kiranta?"

Malam Shitu ya ce wannan kuma wane irin wasa ne. Can, da murya kamar ta mai zazzaɓi, ta ce, "Muhammasa."

"Launin akwatin jirgi fa?"

"Ruwan lemo ne, Malam. Ka nuna mana."

Ubanta ya juya ya harare ta, ya ce ba surutu aka kawo ta yi ba, ta tuna abin da ya faɗa mata a hanya.

Hafizu ya zuge jaka ya zaro tsohuwar takardar. Shafi huɗu ce, ta yi ja don tsufa, an lilliƙe ta da salatif. Malam Ladan ya miƙo hannu. Wajen miƙawa shafin ƙarshe ya juye, idon Hafizu ya faɗa kan bayansa. Ya taɓa ganin rubutun, da koren biro, hannun Malam Ladan: shekaru a jere, kowace da sunan ƙaramar hukuma a gabanta. A da ya ɗauka jerin wuraren da ake yin taron ne. Amma bana a Tudun Wada aka yi taro, kuma abin da ke gaban bana Kiru ne. Jerin bai tsaya a bana ba. Akwai layi uku a ƙasa.

Ya janye hannunsa.

"Hafizu," in ji Malam Ladan. "Ka tuna wa ya yi wa ubanka wanka."

Ƙarar mota ta shigo harabar makarantar, ta tsaya a gindin darbejiya. Aka ji an rufe ƙofa, aka ji takun takalmi a baranda.

Hajiya Yalwa ta yi sallama ta shigo, doguwar mace mai tabarau, da littafin rubutu a hannu. Ta amsa gaisuwa a gajarce, ta ƙi ruwan da aka miƙo mata. Ta dubi dattijon da ke ƙasa, ta ce a ba shi kujera, ya ce nan ma ya isa. Ta zauna, ta buɗe littafinta, ta ce ba dogon zance ta zo ji ba. Wa ya ba yarinyar nan takarda?

Hafizu ya buɗe baki.

"Ni na ɗauka, Hajiya."

Lubna ce. Ta faɗe shi a tsaye, ba hawaye, kamar wadda ta haddace. Ta ce ta shiga ɗakin malamai babu kowa, ta gani a kan tebur, ta kwafa. Babu wanda ya sa ta. Tana neman gafarar malamanta.

Malam Mu'azu ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi, haka ake so. Malam Shitu ya gyara tsayuwa. Malam Ladan ya rufe ido.

Hajiya ta daɗe tana kallon yarinyar ta saman tabarau. Sannan ta cire murfin bironta ta fara rubutu.

Hafizu ya taka zuwa bango. Ya ɗaga hannu ya ciro hoton tsakiya daga ƙusa, ƙura ta zubo masa a hannun riga. Ya kawo ya ajiye a gaban Hajiya, a kan takardar da aka so ya sa wa hannu. Ya shimfiɗa tsohuwar takardar a gefensa, bayanta a sama.

"Hajiya, yaron da ke cikin hoton nan ni ne, kuma zan faɗa miki yadda na ci. Amma kafin ki rubuta sunan yarinyar nan, ki karanta mana wanda zai ci gasar baɗi."

Ta ɗago ta dube shi. Ta jawo takardar, ta bi koren rubutun da yatsa har ta wuce bana. Yatsan ya tsaya.

"Bebeji," ta ce.

Ta mayar da murfin biron, ta juya ga Malam Ladan.

"Rubutun wa ye wannan?"